Faranti Na Uku

Shafi na 19

Da sunan Allah nake ɗorawa daga inda muka ajiye.

Masu cika min akwatin saƙo da zagin Anti Tela, duk na gani, har da wadda ta ce da ita ce uwar miji da tuni ta watsa mata kaya a titi. To ku ɗan riƙe bakinku yau. Wadda kuma ta ce maganar asibiti ta yi mata yawa, ki yi haƙuri 'yar uwa, wannan shafin ba ya tafiya sai da ita.

Sababbin zuwa, ga inda aka kwana. Zazzaɓin taifot ya shiga gidan Yaya mai walda, ya ɗauke ɗansa Ango mai shekara shida bayan hanjin yaron ya huje. Ƙanwar Ango, Takwara, ta kwanta ta warke, ta koma gida, ciwon ya sake kayar da ita, yanzu tana gadon asibiti karo na biyu. Inna, mahaifiyar Yaya, ta ɗora laifin a kan surukarta Anti Tela, wai ƙazanta da zaman shagon ɗinki ne suka ci yaran. Yaya ya rantse ranar da aka sallami Takwara, ranar Tela za ta bar masa gida, yarinya ta koma hannun Inna. Likita kuwa ya ce akwai mai ɗauke da ƙwayar cutar a gidan, manya duka su kawo bayan gidansu a gwada. Auta, ƙanwar Yaya, a ɗakin gwajin asibitin take aiki. Yau ce ranar sallama.

*

Auta ta buɗe akwatin ɗumi, wanda suke ce wa inkubeta, warin nan da ba ya sakin hanci ya buso mata. Faranti huɗu ta ciro, na roba masu murfi, kowanne da jan abu daskararre a gindinsa, abincin da suke shuka ƙwayoyin cuta a kai. Babu suna a jikin ko ɗaya, lamba ce kawai. Oga, shugaban ɗakin, shi ya tsara haka tun ranar da aka kawo kwalaben gidansu, har da tata.

"Ba a karanta farantin ɗan uwa da suna," ya ce mata a lokacin. "Ido yana bin zuciya."

Na ɗaya lafiya. Na biyu lafiya. Na huɗu lafiya.

Na uku kuwa ya sake tsirowa, kamar yadda ya yi a karon farko. Oga bai yarda da gwaji ɗaya ba, ya sa kowa ya sake kawowa, aka sake shukawa, ga shi amsar ba ta canza ba.

Ta ajiye shi a kan teburi, ta ja tsaki.

"Oga, ba sai ka faɗa ba. Na san ko na wace ce."

Oga ya ɗago daga kan madubin duba ƙwayoyin cuta, ya cire tabarau.

"Na wace ce?"

"Matar Yaya mana. Mutum ya wuni a shago, ya dawo ya taɓa yara ko hannu bai wanke ba. Inna ta daɗe tana faɗa."

"Ke ma kin yanke mata hukunci ke nan."

"Ba ni na yanke ba, faranti ne."

"Zauna."

"Oga ina da aiki, jinin ɗakin yara yana jirana."

"Na ce ki zauna."

Ta zauna a bakin kujera. Oga mutum ne da ba ya kwana-kwana, amma yau sai da ya goge tabaransa da gefen riga, ya mayar, ya sake cirewa.

"Matar yayanki ce lamba ɗaya. Tas take."

Auta ta dube shi.

"Yayanki ne biyu. Ke ce huɗu."

Ta juya ta dubi faranti na uku.

"Oga... an yi musanyar kwalba."

"Da hannuna na karɓa, da hannuna na sa lamba. Sau biyu."

"To an..."

"Auta. Mahaifiyarki ce."

Wallahi masu karatu, ni da nake rubutawa sai da na ajiye waya na ɗan zagaya. Auta ba ta yi kuka ba. Tafin hannunta ta buɗe tana kallo ta cikin safar roba, kamar yau ta fara ganinsa. Tsoro ne ya rufe ta, da kunya, kunyar irin kallon da ta riƙa yi wa matar yayanta tun ranar da aka binne Ango.

Ana cikin haka aka buga tagar karɓar samfuri da ƙarfi, bugun wanda ya saba dukan ƙarfe.

"Auta! Auta!"

Yaya ne, da kayan aikinsa a jiki, duk ƙunar tartsatsi. Tun rasuwar Ango ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Sakamakon ya fito?"

"Ya fito, Yaya."

"To ba ni. Ina so in riƙe shi a hannu lokacin da zan sallami Tela, kada danginta su ce zalunci na yi."

Auta ta waiwaya ta dubi Oga. Ya miƙe, ya ciro farar riga daga jikin ƙusa ya miƙa mata.

"Shigo da shi. Zan leƙa ɗakin ajiyar jini."

Ta buɗe ƙofa, ta ba Yaya rigar da safar hannu. Ya sa yana ƙunƙuni, rigar ta matse masa kafaɗu.

"Wannan wane irin wari ne? A nan kike wuni?"

"A nan. Kada ka taɓa komai, Yaya. Zo nan."

"Ni fa ba karatu na zo ba."

"Na sani. Amma in na faɗa maka da baki ba za ka yarda ba. Gara idonka ya gani."

Ta ɗauko faranti na ɗaya ta ɗaga shi a hasken taga. Ɗigo-ɗigo ne rawaye a kan jan abincin.

"Ka ga waɗannan? Bakteriya ne. Kowane ɗigo gari ne guda. Daga ƙwaya ɗaya ya fara, ta rabu biyu, biyu suka zama huɗu, kafin gari ya waye sun taru har ido yana ganinsu."

"Ga cutar nan ai!"

"A'a. Waɗannan 'yan gida ne. Suna cikina, suna cikinka, suna cikin kowa. Wasunsu ma su ke taya mu narka abinci. Ba kowace ƙwaya ce mai cuta ba."

Ta ajiye, ta ɗauko na uku.

"Dubi wannan."

Ya sunkuyo. Ɗigon nan jajaye ne, kowanne da baƙin tabo a tsakiya kamar idon kifi.

"Ita ce?"

"Ita ce."

Ta ja shi gaban madubin likita, ta daidaita masa.

"Kai ma ba ka kallon wutar walda da tsirarar ido, sai ka sa gilashi. To wannan ne gilashinmu. Rufe ido ɗaya in biyun sun ba ka wuya."

Ya daɗe a sunkuye. Da ya yi magana muryarsa ta dushe.

"Wasu 'yan sanduna nake gani. Ruwan hoda."

"Mu muka shafa musu launi don a gan su."

"Wannan ɗan abin? Wannan ne ya huda cikin yarona?"

"Shi ne."

"Ni da na ɗauka sauro ne. Allurar zazzaɓin sauro nawa aka yi masa kafin mu zo nan."

"Ta sauro daban ce, a jini take zama, cizo ke kawo ta. Akwai bairas kuma, mai kawo mura da ƙyanda, shi madubin nan ma ba ya ganinsa. Kowacce da hanyarta, kowacce da maganinta. Wannan ta baki take shiga, Yaya. Daga bayan gidan mai ɗauke da ita, ta hau hannu, daga hannu ta shiga abinci."

Yaya ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ƙazama! Wallahi yau..."

"Ban gama ba."

Ta jawo wasu farantai uku ta jera su. Waɗannan farare ne, an liƙa musu 'yan takardu zagayayyu kamar maɓallin riga.

"Kowane maɓalli magani ne. Muna shuka ƙwayar, mu ɗora su a kai. In magani yana kashe ta, za ka ga fili ya zagaye shi, ta gudu ta bar masa wuri. In ba ya kashe ta, za ta tsiro har gindinsa. Duba."

"Duk ta cinye su."

"Saura ɗaya. Ga shi nan mai fili. Ita ce allurar da ake yi wa Takwara, ba mu da wata bayanta."

Ta ɗora yatsa a murfin na farko.

"Wannan daga jinin Takwara."

Na biyu.

"Wannan daga jinin Ango."

Yaya ya ja da baya har ya bugi kujera.

"Ango yana kabari, Auta."

"Ƙwayar da muka ciro daga jininsa tana firij ɗin can. Oga ya sa an ajiye ta saboda taurin kanta. Da ranta."

"Innalillahi... Ɗana yana ƙasa, abin da ya kashe shi kuna ba shi abinci?"

"Don mu gane daga ina ya fito. Ga na ƙarshe, daga lamba uku. Dube su da kyau."

Ya duba. Ko makaho ya shafa ya san abu ɗaya ne, kamar an tsaga kara. Inda ta cinye a nan, ta cinye a can. Maɓallin da ke da fili, shi ne dai a duka ukun.

"To shi ke nan. Lamba uku Tela ce. Rubuta min."

"Anti Tela ce lamba ɗaya. Farantin da na fara nuna maka, mai 'yan gida."

"To ni ne?"

"A'a."

"Ke?"

Ta girgiza kai.

Yaya ya tsaya yana lissafi da ido. Mutum huɗu ne, ya ƙirga uku. Auta ta ga lokacin da lissafin ya cika, fuskarsa ta canza.

"Ki kiyaye ni, Auta."

"Yaya..."

"Na ce ki kiyaye ni! Ashe karatun da na yi ta ƙona idona a gaban wuta don ki yi, hauka ya koya miki?"

"Sau biyu aka gwada."

"A gwada sau ɗari! Matar da ba ta rabuwa da alwala? Matar da ke share tsakar gida kafin kaza ta farka? Yaushe rabon da ko ciwon kai ta yi? Mai cuta yana yawo garau?"

"Yana yi. Shi ake ce wa mai ɗauke da cuta. Ƙwayar ta samu ɗaki a jikinta ta zauna, ba ta taɓa ta, sai dai ta riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. Yawanci a matsarmama take ɓuya, jakar ɗacin nan da ke manne da hanta. Ka tuna ciwon gefen cikin da take yawan cewa iska ce?"

Ya ƙura wa farantin ido.

"Ka tuna shekarar da Baba ya rasu? Zazzaɓin da ya kwantar da ita har muka fid da rai? Ta ƙi asibiti, ta ce asibiti ne ya cinye mata miji."

"Ta warke ai."

"Ka sayo mata kafso a kyamis. Ta sha na 'yan kwanaki, da ta ji ƙarfi ta zuba sauran a gwangwani ta ce a ajiye wa wata rana. Raunanan sun mutu, masu taurin kan suka rage. Duk sanda ta ji jikinta ba daɗi sai ta ɗauki ɗaya ko biyu ta haɗiya. Ba kashe su take yi ba, koya musu take yi. Ga sakamakon nan a gabanka."

"To mu me ya sa ba mu kwanta ba? Ba girkinta muke ci ba?"

"Mu da zafinsa muke ci, da cokali. Wuta tana kashe ta. Su wa take zuba wa a kwano, ta fifita ya huce, ta murmushe da yatsunta, ta ba su a baki?"

Yaya ya dafe teburi.

"Tana wanke hannu. A gabana take wankewa."

"Da ruwa. Ruwa yana tafiya da abin da ido ke gani, Yaya. Wannan sai da sabulu, a cuɗa har ƙarƙashin farce. Yaushe rabon da ka ga Inna ta sa sabulu kafin ta ba su abinci?"

Su biyun sun san amsar, don suna zaune a ranar. Ango ne ya kawar da kai daga loma, ya ce hannun Inna yana warin sabulu, shi ba zai ci ba. Inna ta yi dariya ta ce, "Angona ya kafa doka, amarya ta bi. Daga yau ni da sabulu sai wanka." Kowa ya yi dariya, har Auta da takardar shaidarta ta sanin ƙwayoyin cuta. Anti Tela ce kaɗai ta ce, "Inna, da dai an riƙa ba su da cokali." Inna ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarta ba.

Yaya ya zame ya zauna a ƙasa, a kan simintin da ake gogewa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙaton mutum, ya rufe fuska da safar roba yana kuka kamar yaro. Auta ta bar shi. Ita ma hawayen ne, amma ba ta da hannun sharewa, safarta ta taɓa faranti.

Can ya ɗago.

"Wa ya sani?"

"Ni da Oga. Likita zai sani kafin azahar."

"Inna ba za ta sani ba."

"Yaya, dole..."

"Ba za ta sani ba! Kin san hawan jininta. Matar da har yau take ajiye kwanon Ango a ƙarƙashin gadonta? Ki je ki ce mata hannunta ne? A take za ta faɗi. Mu binne ɗa, mu binne uwa?"

"To ya kake so a yi?"

Ya miƙe, ya share fuska, ya kawar da kai daga kallonta.

"A bar shi yadda kowa ya ɗauka."

"Ban gane ba."

"Kin gane. Tela yarinya ce, za ta ɗauka. Ta je gidansu ta ɗan zauna, in ƙura ta lafa na san yadda zan yi in dawo da ita."

"Ka ce wa uwa ita ta kashe ɗanta? Alhali ka san ba ita ba ce?"

"To in ce wa tawa uwar?"

"Anti Tela ba ta barci, Yaya. Nas ɗin ɗakin yara ta ce min tana wanke hannu har fatar ta tsage tana jini. Mun sa ta yarda ita ce. Ni ma ina cikin waɗanda suka sa ta."

"Mata ana sake samu. Uwa fa?"

Kai! Wannan magana ta Yaya ta ƙona min rai, kuma na san akwai masu cewa gaskiya ya faɗa. Ku riƙe ta, mu je.

Auta ta cire safar hannu ta jefa a kwandon ƙonawa, ta tsaya a gabansa.

"Na ji. An kori Anti Tela. Wa zai ba Takwara abinci?"

Yaya ya sunkuyar da kai.

"Na ce wa zai ba ta? Ta warke a nan, ta koma gida, hannun wa ta koma? Ga ta a gado karo na biyu. Likita ya ce hanjinta ya yi laushi kamar tsohon zane, ba zai ɗauki na uku ba. Maɓalli ɗaya ya rage mana a faranti."

"Zan sayi sabulu katan guda. Zan sayi cokula."

"Ka ce mata me? Matar da ta yi fushi da surukarta a kan cokali? Kuma ita Innar fa? Magani take buƙata na makonni, ba fashi, wataƙila ma sai an cire matsarmamar. Za ka kai ta ɗakin tiyata ka ce mata yawon buɗe ido ne?"

"Ke dai ki rufe bakinki. Ni ne babba."

"Kai ne babba a gida. A ɗakin nan faranti ne babba, ni ma bin sa nake."

Ya ɗaga hannu. Auta ba ta matsa ba. Hannun ya tsaya a sama.

Aka ƙwanƙwasa taga, a hankali, bugun mai jin tsoron damun mutane.

Anti Tela ce, da jakar kayanta a kafaɗa, ta yafa mayafi a karkace. Bayan hannuwanta duk sun farfashe.

"Auta, yi haƙuri na katse ku. Abban Takwara, ashe kana nan." Ta sunkuyar da kai. "Na zo ne in ji... in ni ce, a gaya min kawai. Na shirya kayana. Ba sai an yi hayaniya a gaban yarinya ba."

Auta ta matso bakin tagar.

"Anti, wa kika bar wa Takwara?"

"Inna ta zo."

"Inna? Asibiti?"

"Ni ma na yi mamaki. Ta ce tunda yau sallama ce, da ƙafarta za ta zo ta ɗauki takwararta. Ta ce in tashi daga bakin gadon, na yi abin da zan yi." Ta gyara jakar a kafaɗa. "Ta kawo mata abinci a kula. Ta ce yarinya ta rame da cimar asibiti da cokalin ƙarfe, yau za ta ci daga hannun da ya san ta."

Auta ba ta san lokacin da ta ture Yaya ba.

Gudu take da farar riga a dogon barandar asibiti, ta wuce masu jiran kati, ta kusa kifar da keken mai rabon magani. Tana jin takun Yaya a bayanta, da muryar Anti Tela tana cewa, "Lafiya? Me ya faru? Auta!"

Ɗakin yara. Gado na ƙarshe kusa da taga.

Inna tana zaune a bakin gadon, ta naɗe hannun riga, kwano a cinyarta. Ga ɗan kofin ruwan da ta tsoma yatsu a ƙasa kusa da ƙafarta. Takwara ta jingina da matashi, da allurar ƙarin ruwa a bayan hannu, wuyanta siriri kamar na ɗan tsako. Inna ta murmushe shinkafar da yatsu, ta dunƙula 'yar loma, tana hura mata iska.

"Haɗiye yawu, takwara, ga ta nan tafe. Wa ya isa ya ce..."

Auta ta cafke wuyan hannunta.

Lomar ta tsaya, tsakaninta da bakin yarinyar bai fi faɗin yatsa biyu ba.

Matar gadon kusa ta daina jijjiga ɗanta.

"Ke!" Inna ta zaro ido. "Lafiyarki? Sake ni."

"Ta ci, Inna? Ta ci ko ɗaya?"

"Yanzu zan fara. Sake min hannu, kin ji min 'yar banza, kina murɗe min ƙashi."

Auta ba ta saki ba. Tunda aka haife ta ba ta taɓa riƙe mahaifiyarta haka ba. Hawaye suna zuba.

Inna ta dubi fuskarta. Ta dubi farar rigar. Ta dubi Yaya da ya iso yana haki, shi ma da farar rigar ɗakin gwaji da jajayen idanu. Ta dubi Tela a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Sannan a hankali ta sauke ido kan hannunta da ke cikin na Auta.

Inna ba ta yi boko ba, amma ba a taɓa yi mata bayani sau biyu ba.

"Kwalbar nan da kuka matsa min na bayar," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Har sau biyu."

"Inna, mu je waje," in ji Yaya.

"Da hannun nan na ciyar da Angona." Ba da kowa take ba. "Har daren da cikinsa ya kumbura, da shi na lallaɓa shi ya ci loma uku."

"Ba ke ba ce, Inna!" Yaya ya faɗa da ƙarfi har nas ta leƙo. Ya nuna ƙofa da yatsa, bai kalli inda yake nunawa ba. "Gwaji ya fito. Ita ce. Tela ce."

Jakar ta zame daga kafaɗar Anti Tela ta faɗi. Kai kawai ta gyaɗa, kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani. Ta juya za ta fita.

"Tsaya nan," in ji Inna. Ba ta ɗago ba. "Kai kuma ba kai na tambaya ba. Tun kana yaro in za ka yi ƙarya sai ka ɗaga murya."

Ta juyo ta kafe Auta da ido.

"Ke ce mai madubi. Ke ba ki taɓa yi min ƙarya ba. Ki dubi girman Allah, ki dubi nonon da kika sha. Auta, me hannuna ya yi?"

Yaya yana girgiza mata kai ta bayan Inna. Anti Tela ta tsaya riƙe da ƙofa. Shinkafar tana zubowa ta tsakanin yatsun Inna, ƙwaya-ƙwaya, tana sauka a kan farin zanen gado.

Takwara ta miƙo ɗan hannunta mai allura, ta ja gefen mayafin kakarta, ta buɗe baki.

"Inna, ba ni mana. Yunwa nake ji."